Kankaren da ke ɗinke tsagarsa da kansa: abin da garin kunzugun jarirai ke yi a cikin siminti

Duk wanda ya taɓa zuba kankare ya san cewa komai kyawun aiki, wata rana sai tsaga ta fito. Injiniyoyi ma ba sa musun wannan. Kankare gwani ne wajen ɗaukar nauyin da ya danne shi, amma idan aka ja shi ko aka lanƙwasa shi, ƙarfinsa bai wuce kusan kashi 1 cikin 10 na wancan ba. Dalilin sa rodi a ciki ke nan. Rodin ma ba ya hana tsagewa, aikinsa shi ne ya riƙe tsagar kada ta wage baki. Shi ya sa dokokin gini na Turai suka yarda da tsagar da faɗinta bai wuce milimita 0.3 ba a yawancin gine-gine, na ajiyar ruwa kuwa 0.2 ko ƙasa da haka.

To amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kankare, ƙadangaren shi ne ruwa. Mu mazauna Zango mun san wannan ba sai an ba mu labari ba. Da zarar ruwan watan 5 da na 6 ya kankama a Akra, ka leƙa gidaje a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, za ka tarar da bokitai da robobi jere a ƙarƙashin dakin da bai shekara 5 da zubawa ba. Haka abin yake a Aboabo da Asawasi a Kumasi. Galibin gidajen nan da guminmu aka gina su, bulo bayan bulo, wasu da kuɗin da ɗa ko ƙane ya yi shekaru yana turowa daga Jamus ko Amurka ko Saudiyya. Ga tankunan ruwa, ga wuraren alwala na masallatai, ga makarantun da jama'a suka yi karo-karo suka ɗaga.

Wannan ne ya sa na zauna na bi diddigin wani bincike da masana gini a Turai suka shafe shekaru sama da 20 suna yi, na neman kankaren da zai toshe tsagarsa da kansa ba tare da an kira magini ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, sinadarin da suke amfani da shi yana nan a kowane kanti a unguwarmu. Shi ne farin garin nan da ke cikin kunzugun jarirai na zamani, wanda kowa ke kira famfas.

Me ruwa ke yi idan ya shiga?

Yoyo shi ne ƙaramar ɓarna. Babbar tana faruwa a inda ido ba ya gani. Lafiyayyen kankare yana da kaifi irin na ruwan toka, kuma wannan kaifin ne ke yi wa rodi rigar kariya daga tsatsa. Idan tsaga ta buɗe hanya, iska da ruwa da gishiri suna isa ga ƙarfen, rigar ta yage, tsatsa ta kama. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga jikinsa cin wuri, ninki 2 har zuwa 6. Sai ta riƙa turo kankaren daga ciki, tsagar ta ƙara faɗi, ƙarin ruwa ya shiga, har wata rana ɓangare ya ɓalle ya faɗo, ka ɗaga kai ka ga rodi a fili ya yi ja.

Mu da ke bakin teku abin ya fi yi mana tsanani, don iskar da ke kaɗowa ɗauke take da gishiri. Wanda ya san gine-ginen Jamestown da Teshie, ko na Sekondi da Cape Coast, ya ga yadda barandoji ke zubar da fata. Ƙari a kan haka, akwai masu kwasar yashin bakin teku su kwaɓa da shi saboda araha, wato su zuba gishirin a cikin ginin tun ranar farko.

Kankare dama yana da ɗan maganin kansa

Ba yau aka gano cewa ƙananan tsagogi sukan rufe da kansu ba. Tun a 1836 masana a Faransa suka lura da haka a bututu da ma'ajiyar ruwa. Hanyoyi 2 ne manya. Ta farko, ba duk ƙwayoyin siminti ne ke gama haɗuwa da ruwa a lokacin kwaɓi ba, wasu suna nan a bushe a binne cikin kankaren. Idan tsaga ta tone su ruwa ya taɓa su, sai su ci gaba da aikin da suka bari, su daskare su cike gurbi. Ta biyu, ruwan yana narkar da wani sinadarin farar ƙasa da ke cikin kankaren ya fito da shi bakin tsaga, a nan ya haɗu da iskar kabon ya zama farin dutse. Farin zanen nan da kake gani yana bin tsagar jikin tanki, shi ke nan. Injiniya Carola Edvardsen ta nuna a binciken da ta wallafa a 1999 cewa wannan farin dutsen ne ke yin mafi yawan aikin toshewar.

Sai dai gyaran yana da sharuɗɗa biyu masu wuya. Dole tsagar ta kasance siririya ƙwarai, kamar silin gashi ko ƙasa da haka. Kuma dole a samu ruwa ya daɗe a wurin. Bangon da ruwan sama ya jiƙa da safe rana ta busar da shi kafin azahar bai samu lokacin warkewa ba. Tambayar da masanan suka yi wa kansu ita ce: yaya za a yi a ajiye wa kankare ruwa a cikin jikinsa, a daidai inda tsaga za ta bi?

Garin sha-ruwa

Sinadarin wani nau'in folima ne, wato dangin roba, wanda a taƙaice masana ke kira SAP. Ni dai zan kira shi garin sha-ruwa. A ma'aikatar noma ta Amurka aka fara haɗa irinsa a shekarun 1960 zuwa 1970, da nufin taimaka wa ƙasar noma ta riƙe danshi. Kamfanonin Japan ne suka mayar da shi hajar kasuwa a ƙarshen shekarun 1970, daga nan a shekarun 1980 ya shiga kunzugun jarirai ya bazu a duniya. A bushe kamar gishiri yake ko sukari. Idan ya samu tsabtataccen ruwa yakan sha ninkin nauyinsa 300 ko fiye, ya kumbura ya zama kamar kamu mai kauri, kuma ko ka matse shi ba ya sakin ruwan da sauƙi.

Na gwada da hannuna, kuma kowa zai iya gwadawa a gida. Na farke sabon kunzugu na kakkaɓe garin a faranti, na ɗebi rabin ƙaramin cokali na zuba a kofin ruwa. Kafin minti 2 ruwan ya daskare, na kifa kofin ko ɗigo bai zuba ba. Sai na barbaɗa gishirin miya a kai na juya. Nan da nan abin ya saki, ruwa ya dawo ruwa. A riƙe wannan, don duk dabarar a nan take: garin yana shan ruwa mai daɗi da yawa, amma ruwan da ke da gishiri ko wasu sinadarai a narke, kaɗan yake iya sha.

Yadda yake aiki a cikin siminti

Ana zuba garin a bushe a gauraya shi da siminti kafin a sa ruwa. Ruwan kwaɓin siminti cike yake da sinadarai, don haka kowace ƙwaya ba ta shan abin da ya wuce ninki 10 zuwa 30 na nauyinta. Ta ɗan kumbura ta zauna a cikin kwaɓin. A kwanakin da kankaren ke kamawa, siminti na jin ƙishirwa, sai ya riƙa tsotsar ruwan nan daga ƙwayoyin a hankali. Ƙwayar ta motse ta koma ƙarama, ta bar ɗan rami a kewaye da ita, ta kwanta a ciki. Haka za ta zauna shekara da shekaru.

Ranar da kankaren ya tashi tsagewa, tsagar tana neman wuri mai rauni ne ta bi, ramukan nan kuwa su ne masu raunin. Saboda haka sai ta ratsa ta cikinsu, ta bar ƙwayoyin a bakin hanya. Ruwan sama na shigowa, da yake shi ba shi da sinadarai masu yawa, ƙwayar da a da ta sha ninki 20 yanzu sai ta sha ninki ɗaruruwa. Ta cika raminta, ta tumbatso cikin tsagar ta toshe ta. Wannan cikin mintuna yake faruwa.

Mataki na gaba ya fi ɗaukar lokaci. Bayan ruwa ya ɗauke gari ya bushe, ƙwayar tana sakin abin da ta sha sannu a hankali a jikin bangon tsagar. Wato ta samar da dogon danshin nan da kankare ke buƙata don ya yi gyaran kansa: ragowar siminti ya ci gaba da kamawa, farin dutse ya riƙa taruwa, har tsagar ta cike da abu mai tauri. Masanan suna bambanta matakan biyu, na farko toshewa, na biyu warkewa. Toshewa tana tsayar da ruwa, warkewa kuma tana dawo da wani ɓangare na ƙarfin da aka rasa.

Su wa suka yi aikin?

Waɗanda suka fara shigar da garin cikin ilmin kankare sosai su ne wasu malamai biyu 'yan ƙasar Denmak, Ole Mejlhede Jensen da Per Freiesleben Hansen, a rubuce-rubucensu na 2001 da 2002. Su damuwarsu daban ce. Kankare mai ƙarfin gaske da ake manyan gadoji da shi ana kwaɓa shi da ruwa kaɗan, sai ya riƙa bushewa daga ciki yana tsukewa, ya tsage tun yana ɗanye. Ban-ruwa daga waje ba ya ratsa shi saboda tsananin matsewarsa. Sai suka ce a ba shi ruwan daga ciki. An gwada wannan a fili a birnin Kaiserslautern na Jamus, inda aka gina wata rumfa mai siraran bangaye don gasar cin kofin duniya ta 2006 da kankare mai ɗauke da garin. A 2012 ƙungiyar masana kayan gini ta duniya, RILEM, ta fitar da cikakken rahoto a kan fannin, wanda Viktor Mechtcherine da Hans-Wolf Reinhardt suka tace.

Batun toshe tsaga kuwa, a kwalejin Imperial da ke Landan wasu masana uku, Lee da Wong da Buenfeld, sun wallafa sakamakonsu a 2010 da 2016. Sun fasa samfura da gangan, tsagar da ba ta kai rabin milimita ba, suka tura ruwa ta ciki suna auna abin da ke fita. A wasu samfuran masu garin, jimillar ruwan da ya ratsa ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Amma sun faɗi gaskiya cewa yawan garin da suka zuba ya rage wa kankaren ƙarfi, kuma hakan na taƙaita inda za a iya amfani da shi.

Inda aka fi zurfafa aikin shi ne jami'ar Gent a Beljiyam, a ɗakin binciken kankare na Magnel, ƙarƙashin Farfesa Nele De Belie da ɗalibinta Didier Snoeck, wanda ya kammala digirinsa na uku a kan wannan batu a 2015. Su sai suka haɗa dabaru biyu. Suka zuba siraran zaruruwan roba a cikin kwaɓin, dabarar da Victor Li na jami'ar Mishigan ya yi suna da ita tun shekarun 1990. Amfanin zaren shi ne, maimakon babbar tsaga guda, sai a samu ƙanana da yawa, kowace siririya. Sannan suka ƙara garin sha-ruwa kimanin kashi 1 cikin 100 na nauyin siminti, wato rabin kilo ke nan a buhu mai kilo 50.

Abin da suka gani shi ne, samfuran da ba su da garin suna rufe tsagar da ba ta wuce milimita 0.03 ba idan ana jiƙa su ana busarwa. Masu garin kuwa sun rufe har wadda ta ɗan haura milimita 0.1. Sannan da aka ajiye samfuran a ɗaki mai laima ba tare da an zuba musu ruwa ko ɗigo ba, masu garin ne kaɗai suka nuna alamar warkewa, saboda ƙwayoyin suna iya zuƙar danshi daga iska. A 2019 sun sake fitar da sakamako a kan samfuran da suka shekara 8 a ajiye, aka sake fasa su, kuma masu garin sun fi sauran warkewa.

Wannan batu na laima ya sa na yi tunanin ƙasarmu. Iskar Akra da Takoradi da Kumasi jiƙe take kusan duk shekara, wanda hakan abin so ne ga wannan dabarar. Tamale da Wa da Bolga kuwa, idan hunturu ya sauka leɓe ma tsagewa yake yi, balle kankare. A can amfanin garin na farko, wato ban-ruwa daga ciki a kwanakin da aka zuba kankare, shi zai fi tasiri.

Ba su kaɗai ke neman maganin ba

A jami'ar Delft ta Holan, masanin ƙananan halittu Henk Jonkers ya bi wata hanyar tun wajen 2006. Shi ƙwayoyin bakteriya yake binnewa a kankare tare da abincinsu. Suna kwance kamar matattu har sai ruwa ya shigo ta tsaga, sai su farka su ci abincin su fitar da farin dutse ya cike wurin. A watan Janairun 2023 kuma, tawagar Admir Masic ta jami'ar MIT a Amurka ta ba da bayanin abin da ya sa kankaren Rumawan da ya daɗe haka. Ginin Pantheon da ke birnin Rum ya kusa shekara 1,900, ƙubbarsa mai faɗin mita 43 ba ta da rodi ko ɗaya, kuma tana nan tsaye. Masanan sun gano cewa fararen dunƙulen farar ƙasa da ke cikin kwaɓin Rumawa, waɗanda a da ake ɗauka sakacin magina ne, su ne ke narkewa su cike tsaga idan ruwa ya shiga. Da suka kwaikwayi kwaɓin suka fasa shi suka tura ruwa, cikin mako 2 tsagar ta rufe.

Me ya sa ƙasashe ke kashe kuɗi a kan wannan? Duniya na sarrafa siminti kusan tan biliyan 4 a shekara, kuma masana'antar ce ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke turawa sama. Duk ginin da ya ƙara shekara 20 a kan kwanansa, an huta da rushewa da sake zubawa. A nan Ghana lissafin ya fi kusa da aljihu. Yawancin kilinka, wato ƙonannen dutsen da ake niƙawa a yi siminti, daga waje ake shigo da shi da dala. Sidi na yin ƙasa, buhu na yin sama. Gyaran da ka yi bana da buhu 10, baɗi kuɗin buhu 10 ɗin ba zai saya maka su ba.

Inda gizo ke saƙa

Da na kai wa wani dattijon magini a unguwarmu wannan labari, mutumin da ya fi shekara 30 yana riƙe da cokalin gini, ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni abu ɗaya: ramukan da garin ke bari fa, ba za su sa kankaren ya zama kamar burodi ba? Na ce masa, Baba, ai tambayar da ta fi damun masanan ke nan. Kowace ƙwaya rami take bari, kowane rami kuma ragin ƙarfi ne. Idan garin ya yi kaɗan ba zai toshe tsaga ba, idan ya yi yawa ginshiƙi ya raunana. Don ban-ruwa daga ciki, abin da aka saba zubawa bai kai kashi 1 cikin 100 na siminti ba, sau da yawa ma ƙasa da rabin haka. Girman ƙwayar ma da lissafinsa: manya sun fi toshe tsaga, ƙanana sun fi raba ruwa ko'ina.

Akwai kuma matsalar gishiri da na gani a kofina. Idan ruwan da ke shiga tsagar na teku ne, garin ba zai kumbura sosai ba, ga shi kuwa a nan aka fi buƙatarsa. Masana na ta ƙoƙarin haɗa wasu nau'o'in da gishiri bai cika karya su ba, da waɗanda ake yi wa rufi don kada su sha ruwa a lokacin kwaɓi. Sannan har yanzu yawancin shaidar daga ɗakunan gwaji take. Gine-ginen gaske da aka yi da shi ba su da yawa, kuma ba abu ne da za ka shiga shagon kayan gini a Kantamanto ko Suame ka ce a auna maka ba.

A nan zan ja kunnen 'yan'uwa da babbar murya. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya farke famfas ya zazzage a kwaɓin dakinsa. Garin kunzugu an yi shi ne don fitsarin jariri, gauraye yake da auduga, kuma ba a tace girman ƙwayoyinsa don siminti ba. Wasu nau'o'in suna shan ruwa su sake shi tun kankare bai kama ba, sai kwaɓin ya koma kamar wanda aka cika wa ruwa. Wasu kuma su shanye ruwan kwaɓin ya yi tauri, lebura ya ga abu ya ƙi juyuwa ya ƙara bokiti biyu, ƙarfi ya tafi. Masu binciken da giram suke aunawa, kuma suna lissafa ƙarin ruwan da garin zai sha daidai wa daida. Wanda ya yi da ka, kansa da iyalinsa ya jefa a haɗari.

Mun ma taɓa ganin abin da ke faruwa idan aka ɗora sabon abu a kan gini ba tare da an fahimci halinsa ba. Masallacin Larabanga, abin alfaharin Musulmin ƙasar nan, ginin ƙasa ne. A shekarun 1970 aka shafe shi da siminti da niyyar kare shi daga ruwan sama. Simintin ya kulle danshi a cikin bangon, itatuwan suka ruɓe, gara ta shiga, har wani sashe ya faɗi. Sai da aka sa shi cikin jerin wuraren tarihi masu fuskantar haɗari na World Monuments Fund a 2002, aka kankare simintin gaba ɗaya aka koma yaɓen ƙasa irin na kakanni, sannan ya samu lafiya. Niyya mai kyau ce, ilmin ne bai cika ba.

Tsagar da babu garin da zai ɗinke

Duk abin da na bayyana a sama a kan tsaga siririya ne, irin ta bushewa da zafin rana. Tsagar da ta fito saboda tushe ya zauna, ko ƙarfe ya yi kaɗan, ko an ɗora hawa 3 a kan ginshiƙin da aka yi don hawa 1, wannan ba ta da magani sai injiniya. Ba mu manta da ranar 7 ga Nuwamba, 2012 ba, da benen wani babban kanti ya rufta a Achimota, mutum 14 suka rasu. Abin da masu bincike suka nuna shi ne raunin kankaren da rashin izinin gini. Babu wani sinadari a duniya da zai ceci ginin da aka cuce shi tun a kwaɓi.

Saboda haka a san bambanci. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda tsabar kuɗi ke shiga cikinta, ko wadda ke zubar da jan ruwan tsatsa, ko wadda ta bayyana a jikin ginshiƙi ko ƙarƙashin bim, ba ta shafe da filasta ba ce. Haka idan ƙofa ta fara cijewa ba dalili. Ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar ka rubuta kwanan wata. Idan bayan mako 2 ko wata guda ta wuce layin, tana tafiya ke nan, ka nemi masani tun da wuri. Masu haya ma suna da haƙƙin su nuna wa mai gida, su kuma dage.

Abin da ke hannunmu yau

Darasin da na fi ɗauka daga wannan bincike gaba ɗaya shi ne, masanan Turai suna kashe miliyoyi ne don su samar wa kankare abin da mu muke hana shi kyauta, wato ruwa a kwanakinsa na farko. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwa yake yi da ruwa, kuma haɗuwar tana ɗaukar makonni. Shi ya sa ake auna ƙarfin kankare a kwana na 28. Amma sau nawa muka ga an zuba dakin ranar Asabar, an watsa masa ruwa sau ɗaya ranar Lahadi, Litinin an fara jera bulo a kai? Aƙalla kwana 7 ya kamata ya yi a jiƙe. A rufe shi da buhunan algarara ko leda, ko a yi masa ɗan bakin yashi a kewaye a tara ruwa a kai. Kuɗin tankar ruwa guda bai kai kuɗin gyaran yoyo ba.

A kwaɓi kuwa akasin haka ne, ruwa kaɗan ake so. Buhu mai kilo 50 bai kamata ya sha fiye da lita 25 ko kusa da haka ba, har da danshin da ke cikin yashin. Lebura ya fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin ɗauka da zubawa, amma duk ruwan da ya yi rara ƙafewa zai yi ya bar hanyoyi a cikin kankaren. A tabbata yashin ba na teku ba ne kuma ba shi da laka. A ɗaga rodi da 'yan guntayen kankaren nan da magina ke kira biskit, don ya samu rufin santimita 2 da rabi zuwa 5 gwargwadon wurin, kada a bar shi kwance a kan katako. A soka kwaɓin sosai ko a sa injin girgiza don iska ta fita. Ƙasar nan tana da kundin dokar gini tun 2018, kuma waɗannan abubuwa ba baƙi ba ne ga duk injiniyan kirki.

Ina kuma da kira ga 'ya'yanmu da ke karatun injiniya a KNUST da sauran jami'o'i da kwalejojin fasaha. Cibiyar binciken gini da hanyoyi da ke Fumesua kusa da Kumasi ta riga ta nuna za a iya, tun da ta fitar da simintin fozolana daga yumɓun ƙasar nan. Gwajin garin sha-ruwa ba ya buƙatar injuna na biliyoyi: samfura ne, da ma'auni, da ruwa, da haƙuri. Sakamakon da aka samu a sanyin Beljiyam da simintinsu da yashinsu, sai an sake auna shi da namu, a zafin Tamale da gishirin Tema, kafin a ce wa mai gini ya saya. Ɗan Zangon da ya ɗauki wannan a matsayin aikin kammala digirinsa, ya taɓa abin da ya shafi rufin gidan uwarsa kai tsaye.

Kwamitocin masallatai da makarantu su ma su sani, kuɗin jama'a amana ne. Idan za a zuba dakin ko tanki, a ware kuɗin injiniya da na ban-ruwa tun a lissafin farko, a kuma sa mutum ɗaya tsayayye ya tsaya a kan masu kwaɓi daga buhun farko har na ƙarshe. Allah ya tsare mana gidajenmu da waɗanda ke kwana a cikinsu, amin.